An sa ni cikin masu shaidar mu'ujiza, alhali a ɓoye nake ba ɗana magani

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubuto miki, ina roƙo a sakaya sunana. Ɗana na biyu, mai shekara 9, yana fama da farfaɗiya tun yana ɗan shekara 5, bayan wani zazzaɓi mai tsanani da ya kusa tafiya da shi. Muna karɓo masa magani, amma yau a sha gobe a fasa in kuɗi ya yanke, don haka bai daina faɗuwa ba. Wata 5 da suka wuce likita ya sake duba shi, ya gyara adadin ƙwayar, ya ja mini kunne kada in tsallake ko kwana ɗaya. A makon ne kuma Iya, uwar mijina, ta ja mu kwanan addu'a wurin wani baƙon mai wa'azi da ake ce wa annabi. Ya ɗora wa yaron hannu, ya ce iska ce aka turo masa daga cikin dangi, ya ce ta fita. Ya karɓi kwalin maganin daga jakata ya tattake a gaban jama'a, ya ce duk wanda ya ƙara ba shi ya raina jinin Yesu. Iya ta sayar da akuyarta ta kai masa sefa 40,000.

Mama, na kasa. Kashegari na sayo wani da kuɗin ƙosaina, na ɓoye a ƙarƙashin kwanukan jerena, ina ba shi safe da dare, daga ni sai shi muka sani. Tun ranar bai faɗi ba. Gida duk an ɗauka mu'ujiza ce. Maigidana, da ya shekara 6 rabonsa da majami'a, kullum yana gidan bilbil, yanzu ya bar sha, shi ke tashin mu addu'ar safe. Ƙarshen watan nan annabin zai dawo, an rubuta sunana cikin masu ba da shaida, za a ɗauka a bidiyo a sa a Facebook. In na faɗi gaskiya ina tsoron maigida ya koma gidan jiya, Iya kuma ta ce na kunyata ta. In na hau na ce ya warke ba magani, na yi ƙarya a gaban Allah. Wani lokaci zuciyata takan ce, ko dai ya warke da gaske, ni ce mai ƙaramar bangaskiya? Ina jin shaidar mutane sai kishi ya kama ni, don ni ban taɓa ganin al'ajibi da idona ba. Yaya zan yi, kuma yaya bangaskiyata za ta yi ƙarfi?

'Yata, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke da gidanki. Kafin mu shiga dogon zance, ga abin da ba ya jira: ƙwayar daren yau ki ba shi, ta gobe da safe ma ki ba shi, kuma kada wani mahaluki, komai girman rigarsa, ya sa ki tsallake. Ba ki yi zunubi ba da kika sayo maganin nan. Uwar da ta tashi da asuba ta soya ƙosai, ta ƙirga canjinta, ta nufi kantin magani gabanta na faɗuwa, ba ita zan kira mai ƙaramar bangaskiya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ɓoyon, kuma za mu zo kansa.

Bari in fara da ciwon, don da yawa cikinmu sunansa kawai muka sani. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana aiki da wani ɗan lantarki da ke gudana tsakanin jijiyoyinta. In ya rikice na ɗan lokaci sai mutum ya faɗi, ya sandare, ya yi ta jijjiga, wani har da kumfa a baki. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana iya barin tabo a ƙwaƙwalwa. Haka sanƙarau, wanda mu nan arewa mun san shi farin sani duk lokacin zafi, haka wahalar haihuwa ko buguwa a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya a duniya kusan miliyan 50, ta kuma ce kusan 7 cikin 10 za su iya zama ba faɗuwa in sun sami maganin da ya dace suna sha ba fashi. Ke da bakinki kika ce da yau a sha gobe a fasa ne, yanzu kuwa an gyara adadi, kina bayarwa a kan kari. Wata 5 ba faɗuwa shi ne daidai abin da likita ke sa ran gani. Kuma wannan ba irin maganin ciwon kai ba ne da ake ajiyewa ran da aka ga dama. In aka yanke shi farat ɗaya, ciwon na iya dawowa da doguwar jijjiga wadda ba ta saki, irin wadda ke kisa. Abin da mutumin nan ya sa takalmi ya tattake ke nan.

To, ko dai ya warke da gaske? Ba zan yi miki dariya ba, ba kuma zan ce ba ya yiwuwa. Ni na gaskata Allah yana aikin al'ajibi har yau. Bangaskiyarmu kanta a kan mu'ujiza ta tsaya, wato kabarin da aka tarar ba kowa ciki. Manzo Bulus ya gaya wa Korintiyawa ƙiri-ƙiri cewa in ba a ta da Almasihu ba, wa'azi banza ne, bangaskiya ma banza ce. Wanda ya yarda da wannan ba zai ce tabon ƙwaƙwalwar yaro ya gagari Allah ba. A zumuntar matanmu akwai wadda aka sallamo daga asibiti aka ce a kai ta gida ta cika a ɗakinta. Muka kewaye tabarmarta muna waƙa muna kuka, ga ta nan har yau tana goyon jikoki. Akwai kuma wata, wadda ta fi mu duka riƙon addu'a, muka yi mata azumi kwana 3, ran na biyar muka binne ta. Duka biyun na gani da idona, kuma ban yarda in ba da labarin ta fari in haɗiye na ta biyu ba.

Sai dai warkarwar da ta fito daga Allah ba ta gudun bincike. Ki buɗe Markus 1:44. Da Yesu ya tsarkake kuturu, sai ya ce masa ya je ya nuna kansa ga firist. A Isra'ila ta wancan zamani firist ne ke duba fata ya tabbatar ko kuturta ta tafi, kamar yadda Littafin Firistoci sura 13 da 14 suka shimfiɗa. Kutare goman nan na Luka 17 ma can ya tura su. Mai warkarwar da kansa ne ya ce a je a duba. 'Yan'uwanmu Katolika suna da wurin ziyara a garin Lurd na ƙasar Faransa, inda tun 1883 aka kafa ofishin likitoci don binciken masu cewa sun warke. An rubuta labarin mutum sama da 7,000, amma waɗanda ikkilisiyarsu ta amince ta kira mu'ujiza kaɗan suka haura 70, wasu ma sai bayan shekaru ana bin takardun asibitinsu. Kusa da mu nan, kin san labarin Baba Simon na Tokombere, firist ɗan kudu da ya hauro arewa a 1959, yana yawo ba takalmi cikin duwatsu, ya kuma rasu a 1975. A 2023 Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, amma kafin a ɗaga shi zuwa mataki na gaba a hanyar zama waliyyi sai an sami mu'ujiza da aka bincika aka tabbatar. Mutanen da suka gaskata da mu'ujiza ke nan, kuma saboda girmanta a idonsu ne ba sa yarda a liƙa sunanta a kan ko mene ne.

Don haka akwai hanyar da za ki san gaskiyar lamarin ɗanki ba tare da kin yi caca da ransa ba. Likitoci sukan fara tunanin rage maganin farfaɗiya in yaro ya yi kamar shekara 2 bai faɗi ba, kuma a hankali ake ragewa, cikin watanni, suna sa ido. Yara da dama suna rabuwa da shi ta haka. In Allah ya riga ya warkar da shi a daren nan, ƙwaya ba ta da ƙarfin da za ta kwance aikin Allah. Lokaci na zuwa da likita zai janye ta, kowa ya gani, ki ba da shaidarki da takarda a hannu. In kuwa bai warke ba tukuna, kin tsare ransa. Ɗaya hanyar, ta a zubar da magani a ga ko Allah zai tare, mun san wanda ya fara kawo irinta. Shaiɗan ne, shi ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, har da jawo masa aya daga Zabura. Amsar da ya samu tana Matiyu 4:7: kada ka gwada Ubangiji Allahnka.

Zancen cewa magani raini ne ga jinin Yesu kuwa, ban san daga wane shafi ya samo shi ba. Sarki Hezekiya ya yi kuka ga Allah, Allah ya ƙara masa shekara 15, amma annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus na kiransa ƙaunataccen likita. Bulus ɗin nan da ake ɗaukar ƙyallaye daga jikinsa a kai wa marasa lafiya su warke, shi ne ya ba Timoti shawarar abin da zai sha don ciwon cikinsa, shi ne ya ce ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya, shi ne ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙaya daga jiki aka ce masa alherina ya ishe ka. Waɗanda suka kawo bishara ƙasar nan ma da akwatin magani suka zo. Mutanen ƙasar Norway sun sauka Gaundare a 1925, har gobe asibitin da suka bari da sunansu jama'a ke kiransa. A Tokombere asibiti da makaranta da majami'a tare suka tashi. Kakanninmu na bangaskiya ana yi musu allura ana musu addu'a a ɗaki ɗaya, ba wanda ya ga saɓani.

Yanzu shaidar. 'Yata, kada ki hau dandamalin nan ki faɗi abin da kika san ba haka yake ba. Na san niyyarki mai kyau ce, kina so ki tsare mijinki da mutuncin surukarki. Amma Ayuba ya taɓa tambayar abokansa, a sura 13 aya 7, ko za su yi ƙarya ne domin Allah. Allah ba ya bukatar a rufa masa asiri. Kuma ki yi tunanin inda bidiyon nan zai je. Wata mata a Pitowa ko Gider, mai 'ya irin ɗanki, za ta zauna bakin murhu da dare a miƙo mata waya. Za ta ga fuskarki, ta ga ke ba mai wa'azi ba ce, mai ƙosai ce kamar ta, ta ji kina cewa wata 5 ba magani. Da safe za ta ɗauki ƙwayoyin 'yarta ta zuba a masai. Ita ba ta da kwalin ɓoye a ƙarƙashin kwanuka. Bidiyo kuwa in ya fita ba ya dawowa, ko kin tuba daga baya shi yana can yana yawo.

Ko da babu zancen shaida, ɓoyon nan da kansa haɗari ne, kuma ina jin ba ki auna shi ba. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ke, ko aka yi rasuwa a ƙauye kika tafi kwana 4, wa zai ba shi? Ba kowa, domin ba wanda ya sani. Ga shi gida an sakankance ya warke, gobe abokai za su ja shi wanka Binuwai, ko a aike shi ɗiban ruwa bakin rijiya, ko ya hau mangwaro, babansa ya ce a bar shi ai ya warke. Ruwa da wuta da bisa su ne manyan abokan gabar mai farfaɗiya. Sannan ki dubi yaron. Ɗan shekara 9 yana haɗiye ƙwaya a bayan ƙofa, yana ji ana tafi ana cewa an kore masa aljani, an kuma ce wanda ya sha ya raina jinin Yesu. Me kike tsammani yake saƙawa a ransa in ya kwanta? Ki zaunar da shi ki gaya masa ba laifi yake yi ba, shi ba mai aljani ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma kin kusa gaya wa Baba.

Maigida shi ne farkon wanda ya kamata ya ji, daga bakinki, kafin ƙarshen wata, ba ana gobe taro ba. Ki zaɓi dare bayan ya ci ya huta, yara sun yi barci, Iya ba ta kusa. Kada ki fara da annabin, in kika fara da shi gardama za ta koma kansa. Ki fara da kanki. Ki ɗauko kwalin ki ajiye a gabansa ki ce, Baban yara, akwai abin da na ɓoye maka wata 5, tsoro ne ya sa, ka yafe mini. Ki gaya masa abin da likita ya ce. Zai ji zafi, don namiji ba ya son ya gane an san abu a gidansa shi bai sani ba, kuma wataƙila ya riga ya ba abokan aikinsa labarin mu'ujizar. Ki bar shi ya yi fushinsa, kada ki kare kanki da yawa. In ya huce ki roƙe shi abu ɗaya: ku je wurin likitan tare, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Maza sukan karɓi magana daga likita wadda ba za su karɓa daga matansu ba, haka abin yake ko muna so ko ba ma so. In kuwa kin san shi mai saurin hannu ne in ya fusata, to kada ki yi wannan magana ku biyu. Ki fara zuwa wurin fastonku na ainihi, ko wani dattijon ikkilisiya da yake jin nauyinsa, a kira shi a yi a gabansu.

Na ji tsoronki cewa zai koma gidan bilbil. Ba zan yi miki alkawarin ba zai girgiza ba. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wata rana zai ɗaga kwano ya gani, ko yaron ya suɓuta da baki, ko mai kantin magani ya gaishe shi ya ce yaya mai jiki. In ta haka ya ji, bayan kin riga kin tsaya gaban jama'a kin rantse, to ranar zai iya cewa duk abin da ake yi a majami'a wasan kwaikwayo ne, har da matarsa ciki. In daga gare ki ya ji yanzu, abin da zai gani mace ce da ta ƙi yin ƙarya da sunan Allah ko da zai jawo mata baƙin jini. Akwai kuma abin da nake so ki faɗa masa, domin gaskiya ne. Ƙwayar da kike ba yaron ba ita ta raba shi da kwalba ba. Ba kantin da ake sayar da maganin da zai tashi mutumin da ya shekara 6 bai durƙusa ba ya ce ku zo mu yi addu'a. Kin ce ba ki taɓa ganin al'ajibi da idonki ba. Ni kuwa da na karanta wasiƙarki a nan na tsaya. Ki ce masa, abin da Allah ya yi a kanka nasa ne da kai, bai rataya a wuyan wani baƙo ba. Bayan haka kada a bar shi shi kaɗai. Ki roƙi fasto ya haɗa shi da zumuntar maza, a ba shi wani aiki a hannu, ko da jera benci ne ran Lahadi.

Iya kuma a bi ta da ladabi. Tsohuwar da ta sayar da akuyarta don jikanta ba maƙiyiyarki ba ce, ƙauna ce ta kai ta. Ba ke za ki tare ta ba, ɗanta ne zai yi, ke kina gefe. Kada a ce mata an cuce ta, kada a yi zancen akuyar. A ce mata addu'arta ba ta faɗi ƙasa ba, yaro ya sami sauƙi, likita ya ce a ci gaba da magani har ya tabbatar. In da hali ku ba ta aiki a ciki, ta zama ita ke tuna ƙwayar dare in ba kya nan. Abu ɗaya dai kada ku yi shiru a kansa, zancen cewa daga dangi aka turo. Irin wannan magana ta raba gidaje da yawa, ta sa an bi tsofaffi da jifa ana kiransu mayu. Ban ce babu mugayen ruhohi ba, Littafi Mai Tsarki ya ambace su. Amma Matiyu 4:24, da yake jera waɗanda aka kawo wa Yesu, ya ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Da almajirai suka tambaya laifin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Ba inda ya warkar da mutum sannan ya nuna masa gwaggonsa.

Shi baƙon, ba ni zan yanke masa hukunci ba, amma an ba mu ma'auni. Na'aman ya zo da azurfa da zinariya bayan ya warke, Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala; Gehazi da ya bi shi a guje ya karɓa, kuturtar ce ta koma kansa. Yesu ya aiki almajiransa ya ce kyauta kuka samu, kyauta za ku bayar. A Matiyu 7 ya ce akwai masu zuwa ran ƙarshe suna cewa mun fitar da aljanu da sunanka, ya ce bai taɓa saninsu ba. Mutumin da ya karɓi kuɗin akuyar tsohuwa, ya tattake maganin yaro, ya jefa zargi cikin dangi, ya hau mota ya tafi, bai bar lambar da za a kira in yaron ya faɗi cikin dare ba, ke ma kin iya auna shi. A 2013 gwamnatin ƙasar nan ta rufe majami'u da dama marasa takardar izini, koke-koke a kan irin waɗannan tarurrukan warkarwa na cikin dalilai. Shawarata kada ku koma taron. Ki aika a cire sunanki, ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki kuma sanar da fastonku zancen tattake magani, don ba ɗanki kaɗai aka yi wa ba a daren, kuma shi ne ya dace ya ja kunnen jama'arsa. In kina da marmarin ba da shaida, ki ba da ita a majami'arku, ta gaskiya: ɗana ya yi wata 5 bai faɗi ba, Allah ya ba mu likita da kuɗin magani, ya kuma dawo mini da mijina, ku ci gaba da yi mana addu'a ya warke sarai. Yaƙub 5:14 ya ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai. Ku kira su gida. Su ne waɗanda suka san ƙofarku, za su kuma dawo mako mai zuwa.

Saura tambayarki ta ƙarshe, wadda na ga ita ta fi ci miki rai. Kina ganin da kin ga mu'ujiza ɗaya da idonki da zuciyarki ta kwanta. Isra'ilawa sun ratsa teku a busasshiyar ƙasa, ba a yi nisa ba suka ƙera ɗan maraƙi. Yahaya 12:37 ya ce duk da yawan alamun da Yesu ya yi a gabansu ba su gaskata da shi ba. Yahaya Mai Baftisma kuwa ko mu'ujiza ɗaya bai yi ba, amma Yesu ya ce cikin haihuwar mata ba wanda ya fi shi. Gani yana motsa zuciya, ban musa ba, amma wanda ya saba da shi kullum sai ya nemi wanda ya fi na jiya, in bai samu ba sai ya fara ƙirƙira. Abokan Daniyel 3 da aka tsayar bakin tanderu sun ce wa sarki Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Wannan "ko bai" ɗin ita nake roƙa miki. Ki roƙi warkarwa gaba gaɗi, kowace safiya, hannunki a kan ɗanki. Ki roƙa kina sa rai. Sannan ki buɗe kwali ki ba shi ƙwayarsa da godiya kamar yadda kike godiya a kan tuwo.

In kina neman wurin da za ki zauna cikin Littafi a makon nan, ki zauna a Markus sura 9. Akwai wani uba can da ɗansa ke faɗuwa yana kumfa yana cizon haƙora, ya sha faɗawa wuta da ruwa. Almajirai sun gwada sun kasa. Da Yesu ya yi masa zancen bangaskiya, mutumin bai buga ƙirji ba, sai ya ɗaga murya ya ce na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata. Rabi da rabi ya zo, kamar ke, kuma ba a kore shi ba, ba a ce ya je ya ƙaro ba, an ɗaga masa ɗansa. Addu'ar nan taki ce, ki yi ta yadda take.

Idan komai ya fito fili, ku sa kuɗin maganin cikin cefanen wata, kada ya tsaya kan cinikin ƙosai kaɗai, kuma a kantin magani na ƙwarai za a riƙa saya, ban da na bakin hanya da rana ta gasa. Ki koya wa kowa a gidan, har da Iya da malamin ajinsu, abin yi in ya faɗi: a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko a yi masa hayaƙi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, kada a gudu a bar shi. In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta saki ta sake kamawa bai farfaɗo ba, a ɗauke shi sai asibiti, addu'ar a yi ta a kan hanya. Ki sami ɗan littafi kina rubuta ranar da ya faɗi in ya faɗi, da ranar komawa wurin likita.

Ran Laraba muna da taron zumunta, zan sa a yi muku addu'a ba tare da ambaton suna ba. In kin yi magana da maigida ki sake rubuto mini yadda kuka ƙare, ko da ba ta yi daɗi ba. Ki shafa mini kan yaron.